Gaba Huɗu a Hanya, Gaba Ɗaya a Rijiya

Mani taubashina ne, ɗan kawuna, don haka duk abin da na faɗa a kansa ba mai kai ni ƙara gaban mai gari. Gajere ne, siriri, ga faffaɗan kunnuwa, ga taurin kan da tun muna yara a Pauwa aka gaji da dukansa a kai aka ƙyale shi. Da damina noma yake yi kamar kowa, amma da an kai amfanin gona gida sai ya saɓi diga da ɗan gajeren shebur ya shiga haƙar rijiya. Daga ƙauyukan Kankara zuwa na Faskari, har can dajin Sabuwa inda mota ke shiga da kyar, rijiyoyinsa suna nan birjik, mutane na sha ba su ma san wanda ya haƙa ba.

A doron ƙasa Mani ba ya magana. Ka gaishe shi ya ce lafiya lau, shi ke nan an gama. Amma bari ya shiga rami ya yi ɗan nisa, sai bakin ya buɗe. Ya yi waƙa, ya yi mita, ya zagi dutse, ya ba da labarin bikin da aka yi tun muna samari har da sunan wanda ya fi kowa cin tuwo. Matarsa Mero ta taɓa ce mini in tana son jin ra'ayinsa a kan wata magana, sai ta bari ya shiga rijiya sannan ta aika a tambaye shi.

Mai sauraron duk wannan surutu shi ne Ishaya, mai riƙe masa igiya. Ishaya mutumin wani ƙauyen Maguzawa ne a gefen Faskari, iyayensa sun shiga addinin Kirista tun yana ƙarami. Ƙato ne, dogo, mai sanyin hali. Suna samari suka haɗu a wurin wata haƙa, kuma tun daga ranar Mani bai sake shiga rami a kan igiyar wani ba. Aikin mai igiya shi ne jawo guga cike da ƙasa, da tsaron igiyar da ke ɗaure a ƙirjin mai haƙa. Yawanci mai haƙa da ƙafarsa yake fitowa, yana taka 'yan ramukan da ya sassaƙa a jikin bango, amma akwai ranar da ba zai iya ba. In rami ya yi zurfi, musamman da bazara, numfashi kan ɗauke a can ƙasa, mutum ya yi laushi ya zube. Jama'a su ce iska ce ta buge shi, Mani ya ce rashin iska ne. A irin wannan rana ba ihu, ba kiran taimako. Shiru kawai mai igiya zai ji, Ishaya kuwa ya san shirun Mani fiye da yadda ya san muryar 'ya'yansa. Ya sha fizgo shi a sume, hannu bayan hannu, kamar mai jan guga.

Hatta awon rijiya da hannuwan Ishaya suke yi. In Mani ya ce rijiya gaba goma ce, gabar Ishaya yake nufi, don tasa gabar ko igiyar akuya ba za a auna da ita ba.

Shekarar da 'yan bindiga suka matsa wa hanyar Sabuwa, aka tare motar da Ishaya ke ciki yana dawowa daga kasuwa. Ya tsira da ransa, amma harsashi ya farfasa masa kafaɗar hagu. Ya yi jinya ya warke, hannun kuwa ya tsaya a lanƙwashe a jikin ƙirjinsa, ba ya miƙewa, ko ludayi ba ya riƙewa. Na je duba shi na tarar da shi zaune a gindin ɗorawa, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Bayan gaisuwa abin da ya ce mini kawai shi ne in gaya wa Malam Mani ya nemi wani. Ban taɓa jin tausayin namiji kamar yadda na ji ran nan ba.

Na isar da saƙo, Mani ya dube ni kamar na zage shi. Babban ɗansa Mas'udu, saurayi majiyi ƙarfi, ya ce shi zai karɓi igiyar. Mani ya ce ba ƙarfi yake nema ba, kunne yake nema. Rani guda cur ya yi bai taɓa diga ba. Masu son rijiya suka yi ta sintiri har suka gaji, Mero ta yi faɗa har ta bari, mu kuma 'yan majalisa muka ce mutumin nan ya samu taɓi. Shi dai yana zaune a ƙofar gida yana tufkar igiya, wadda ba wanda ya san abin da zai yi da ita.

Ɗiyarsa Hafiza ce ta ɓullo da hanya. Malama ce a wata sakandare a Kankara, kimiyya take koyarwa, kuma ta gado taurin kan ubanta kaf. Ta zo hutun Sallah ta ji yadda ake ciki, sai ta tambaya ko ƙafafun Baba Ishaya lafiya suke. Aka ce lafiya lau. Ta ce to kura za a nema. Mero ta saki muciya tana salati, sai da aka fahimtar da ita cewa ba ta daji ake nufi ba, ta ƙarfe ce, wannan gargaren mai kwari a tsakiya wanda igiya ke bi.

Mani ya taɓe baki ya ce ya san kura, ya sha ganin an rataye ta a bisa rijiya, kuma bai taɓa ganin ta rage wa guga nauyi ba. Hafiza ta ce gaskiyarsa. Guda ɗaya a sama juya maka hanyar ja kawai take yi, ka ja ƙasa maimakon sama, amma nauyin yana nan daram. Sai an haɗa ta da wata a ƙasa, wadda ke tafiya tare da kayan, igiya ta sauka ta zagayo ta hau, sannan nauyi ke rabuwa tsakanin igiyoyin.

Wani mai walda a Kankara ya haɗa musu guda huɗu da tsofaffin boris na babur, biyu a jere don sama, biyu a jere don ƙasa. Ranar gwaji aka rataye su a reshen tsamiyar ƙofar gidan Mani. Ishaya ya ce ba zai zo ba, matarsa Grace ce ta tasa shi gaba har Pauwa. Ni ma ina wurin, don ba a yin abin dariya a gidan Mani ba ni.

Da farko aka ɗora Mani a sikelin masu sayen hatsi, da ɗamarar da ake ɗaura masa a ƙirji da kurar ƙasa duka, ya tashi kilo sittin da huɗu. Na ce ashe buhun masara ya girme shi. Hafiza ta sa shi ya ƙirga igiyoyin, ya ƙirga ya ce biyar. Ta ce ya sake. Ya sake ya ce biyar, shi ba makaho ba ne. Sai ta kama su ɗaya bayan ɗaya tana nuna masa, ta ce waɗanda suka sauko har kurar ƙasa su ne ke ɗauke da shi, su kuwa huɗu ne. Ta biyar, wadda ta fito daga kurar sama ta tafi hannun mai ja, ba ta ɗauke da kowa, saƙo kawai take kaiwa. Sittin da huɗu a raba gida huɗu, goma sha shida ke nan. Wato in lissafi ya tafi sumul, jan kilo goma sha shida ya isa ya ɗaga Mani.

Aka ɗaure Mani, aka ɗaura jarka a igiya ta biyar, aka zuba mata ruwa lita goma sha shida. Mani bai motsa ba. Fuskarsa ta cika da annuri, ya ce to ga boko nan ya ƙare. Hafiza ko kallonsa ba ta yi ba, ta ci gaba da ƙara ruwa da moɗa. Jarkar na cika lita ashirin sai ta fara sauka a hankali, ƙafafun Mani suka bar ƙasa yana wutsil-wutsil. Ta ce waɗannan huɗun da suka ƙaru gugar igiya da ƙarfe ce ta cinye su, kuma ba wata kura a duniya da ba ta cin nata rabon. In an bar su ba baƙin mai, ƙasa ta shiga boris, abin da za su ci ya fi haka. Saboda haka a riƙe ashirin, kada a riƙe goma sha shida.

Daga nan ta juyo da maganar da ba ta yi wa Mani daɗi ba. Ta ɗaura ƙyalle a jikin igiyar ja, ta sa aka ja gaba huɗu, aka auna tashin Mani, gaba ɗaya tak. Ta ce sauƙin ba kyauta ba ne. Tafiyar mai ja a raba da tafiyar kaya, huɗu a raba da ɗaya, huɗu ke nan, daidai da yawan igiyoyin. Ta faɗi sunan abin da Turanci, Mani ya ce harshensa ba na wannan ba ne, ya raɗa masa rabon tafiya. Sai kwaɗayi ya kama shi, ya ce a ƙara kuraye igiya ta zama shida ko takwas, Ishaya ya riƙa ɗaga shi da ɗan yatsa. Nan Hafiza ta ɗaure fuska.

"Baba, kowace igiya ka ƙara, ka rage mashi nauyi ka ƙara mashi nisa. Ranar da kay yi shiru a ƙasa, nisan nan kai za ka jira shi."

Ta lissafa masa. In igiya shida ce, rijiya mai gaba goma sai an ja gaba sittin. In biyu ce, gaba ashirin kawai, amma jan ya haura kilo talatin da biyu, da rabon gugar igiya da ƙarfe ya doshi arba'in, wanda ya yi wa mai karyayyar kafaɗa yawa. Huɗu ce tsakiya.

Duk wannan Ishaya na zaune a kan turmi. Can sai ya ce ai ko kilo ɗaya ne, hannu ɗaya ba ya jan igiya, don in ka saki ka kamo gaba ta gudu. Shi ne kuma ya miƙe, ya ce a ɗaura masa a ƙugu. Mani da kansa ya ɗaura. Ishaya ya juya baya ya fara tafiya kamar san huɗa, Mani ya yi ta sama har kansa ya shige cikin ganyen tsamiya. Grace ta juya fuska tana share hawaye da bakin mayafi, ni kuma na yi kamar ƙaiƙayi ne ya faɗa mini a ido.

Tunda Ishaya ba ya iya ware hannuwa kuma, Mani ya ɗauko tsohuwar igiyarsu mai ƙulle-ƙullen awo, ya yanki gora daidai gabar Ishaya ta da. Da ita suke awo har yau.

Suka koma aiki, sai dai aikin ya sauya kama. In an kira su haƙa, kafin su dubi inda za a sa diga sai su auna hanya. Rijiya mai gaba takwas tana son miƙaƙƙen fili mai gaba talatin da biyu, mai gaba goma tana son arba'in. Masu gida su yi ta mamaki, an kira mahaƙa sun zo suna awon titi. Aka laƙaba masa Mani Mai Kura, har a wani ƙauye mata suka leƙo suna tambaya ina dabbar take. Gugan kwasar ƙasa kuwa kura ɗaya ta ishe shi, Ishaya ya ja da ƙugu, mai gida ya ba da mutum guda mai juyewa. A haka suka haƙa rijiyoyi masu yawa ba abin da ya faru.

Sai aka kira su Ketare. Wani Alhaji Harisu ne ke son rijiyar sadaka a filin ƙofar gidansa. Filin ta gabas kwari ne, ta kudu da arewa katangun maƙwabta, miƙaƙƙiyar hanya ɗaya ce, kuma a bakin zauren Alhajin ta ƙare. Suka auna, gora arba'in da huɗu. Rijiyoyin unguwar a gaba goma suke ba da ruwa, wato arba'in, har da rarar huɗu. Gidan kuwa na ba-shiga ne. Abinci daga ciki ake aiko musu, Ishaya ko dakalin zauren bai taɓa wucewa ba.

Aka kai gaba goma ba ruwa. Aka kai goma sha ɗaya, ƙasa ta fara danshi. Ishaya ya ce wa Mani hanya ta ƙare, ƙafarsa a bakin zaure take tsayawa. Mani, da yake ya ji ƙanshin ruwa, ya ce ba komai, Ishaya ya riƙa jan sa har iyakar hanya, sauran ya hau da ƙafarsa. Haka suka yi ta yi, yana kuma yiwuwa, har rami ya kai gaba goma sha uku. Kowa a cikinsu ya san goma sha uku sau huɗu hamsin da biyu ne. Sun dai kawar da kai ne, irin kawar da kan mutumin da ya ga aiki ya kusa ƙarewa.

Abin da ya faru ran nan daga bakin Ishaya na ji, da kuma bakin Hajiya Zainabu, mahaifiyar Alhaji Harisu. Ranar kasuwa ce, rana ta take, maza duk sun watse. Abdulkarim ƙanen Alhaji, wanda shi ke juye musu guga, ya ce bari ya je ya dawo. Ishaya na zaune a bakin rami da igiya a ƙugu, Mani na can ƙasa yana ba da labarin yadda jaki ya taɓa kayar da ni a gaban 'yan mata, wanda ƙarya ce, santsi ne ya kwashi jakin. Yana tsakiyar labari sai ya yi shiru.

Ishaya ya kira shi. Ya sake kira. Bai jira na uku ba, ya miƙe ya kama hanya. Ya ce tun daga takun farko ya san a sume yake, don nauyin mai rai daban ne, yana dafa bango yana taimakonka, wannan kuwa sai ka ce buhu. Ya yi ta sauri iyakar abin da igiya ta bari, kuraye na kuka a bayansa, har ya iso bakin zaure. Gaba arba'in da huɗu a hanya, goma sha ɗaya a rijiya. Saura biyu a rami, wato saura takwas a ƙafa, ga kuma ƙofar gidan mutane.

Ba wurin ɗaure igiya, ko da akwai ma hannu ɗaya ba ya ƙulla igiya mai nauyi. In ya ja baya, Mani ya koma ƙasa. In ya tsaya, mutum na rataye a sume, ɗamara na matse masa ƙirji. Ya duba unguwa ko kare babu. Sai ya sa kai cikin zaure.

Zauren kansa bai fi gaba biyu ba, kuma kun san yadda ake gina shi, ƙofar ciki ba ta kallon ta waje. Da ya karya kwana igiya ta ciji gefen bango, kilo ashirin ɗin nan ya koma abin da Allah kaɗai ya sani. Ya tura, ƙafa ta zame, ya faɗi a kan gwiwa, ya ci gaba da jan jiki da hannu ɗaya. A haka ya ɓulla tsakar gida, ƙaton namiji baƙo, ba sallama, ba riga, mata na daka. Suka watsar da taɓare suka yi ɗaki. Hajiya Zainabu ce kaɗai ba ta motsa daga kan tabarmarta ba. Ta dubi fuskarsa, ta dubi igiyar da ke ƙugunsa a miƙe kamar sanda, ta gane.

"Ku hito ku kama igiya," in ji ta. "Mutum na cikin rami."

Suka fito, surukai da 'ya'ya, ita ma tsohuwar ta sa hannu. Suka ja har aka ji ƙarar kurar ƙasa ta bugi ta sama. Hajiya ta ce kada wadda ta saki, ta kwance Ishaya da hannunta. Ya fita da gudu, ya kwanta a bakin rami, ya cafki ɗamarar Mani da hannunsa na dama ya mirgino shi waje. Aka sheƙa masa ruwa, aka yi ta fifita, can ya yi tari ya buɗe ido.

Da Alhaji Harisu ya dawo, Ishaya ya je ya durƙusa yana neman gafarar shiga gida. Alhajin ya ɗaga shi ya ce in ya sake wannan magana sai sun ɓata. Hafiza kuwa da labari ya kai mata, a ranar ta hau babur ta zo Pauwa. Ban taɓa jin ta ɗaga wa ubanta murya ba sai ran nan, shi kuma ya sunkuyar da kai kamar ɗalibinta. Da ta huce ta ce da sun tambaya, ai abin mai sauƙi ne. A kafa turke a inda hanya ta ƙare, a ɗaura masa kura ɗaya, igiya ta zagaye ta, mai ja ya juyo ya dawo ta inda ya fito. Ba ta ƙara igiyar ɗauka ba, don haka rabon tafiya na nan a huɗu, ɗan abin da za ta ci na gugar igiya ne kawai. Ta kuma ce daga yau duk gabar da aka ƙara a rami, a fara nemo mata huɗu a hanya kafin a sa diga.

Mani na kwance yana jinyar ƙirji sai ga Ishaya. Ina zaune a wurin. Ya shigo da igiyar a naɗe a kafaɗarsa mai lafiya, gwiwoyinsa duk a kuje, ya sauke ta a gaban tabarmar Mani. Ya gaishe shi da jiki, sannan ya ce ya zo ne ya mayar da kayan aiki, a ba Mas'udu.

"Malam Mani, da ina da hannu biyu, da tun kahin ka gama suma na hiddo ka. Kada in kashe ka a banza."

Na zaci Mani zai yi shirunsa na doron ƙasa. Amma sai ya yunƙura ya tashi zaune, yana dafe da haƙarƙari.

"Da wani ne," in ji shi, "da har yanzu shina bakin zaure shina sallama."

Ya sa ƙafa ya tura igiyar ta koma gaban Ishaya, ya ce a nemo turke mai ƙwari, saura ƙiris su tarar da ruwan Alhaji. Ishaya ya sunkuya ya ɗauki igiyar ya mayar kafaɗa.